Hannun da ke Kafaɗar Dinanath

Ina da wani ɗan hali da na gaza rabuwa da shi: ba na iya ganin hoto in ƙyale shi yadda yake. Ko gaisuwa na je gidan mutane, idona na kan bango, ina datse hotunansu a zuci. A rage sama, a cire rabin kujerar nan, wancan na gefe kuma me ya kawo shi. Matata Kusum ta ce da za a ba ni hoton aurenmu in sake gyarawa, da tuni na yanke ta don a samu daidaito. Na ce ƙazafi ne, kunnenta na hagu kawai zan rage. Kwana biyu ina shan shayi ba sukari.

Shekara talatin da ɗaya ina wannan sana'a a Hardoi, a layin masu sayar da tukwane. Rabin shagon nawa ne, rabi na Irshad mai haɗa firam. Katako ne kawai tsakaninmu, shi ma bai kai rufi ba, don haka duk abin da na faɗa yana ji, duk abin da ya ci ina shaƙa. Tun da kowa ya samu kyamara a aljihu, masu rai suka daina zuwa wurina. Matattu ne suka riƙe ni. Duk wanda ya mutu sai an nemo hotonsa, an faɗaɗa, an sa a firam, ranar kwana goma sha uku a rataya masa sarƙar furanni. Ni ke datsewa, Irshad ke rufewa.

Ranar da nake son ba da labarinta, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, 'ya'yan marigayi Dinanath Awasthi suka shigo su biyu. Dinanath malamin lissafi ne, rabin garin nan ya sha bulalarsa, har da ni a shekararsa ta farko da fara koyarwa. Nirbhay, namijin, kansa a aske ƙwal saboda makoki. Ƙanwarsa Sulekha na bayansa riƙe da ambulan.

"Chacha, aikin gaggawa ne," in ji Nirbhay. Haka yaran garin ke kirana, wato kawu. "Ƙarfe huɗu za a zauna."

"Yau? Kwana goma sha biyu kuna ina?"

"Mun faɗaɗa na katin shaidarsa," in ji Sulekha. "Ma ta ce wannan ba mijinta ba ne, ɗan fursuna ne. Jiya ta zazzage akwati ta fito da wannan. Ta ce shi ko babu."

Ta zaro hoton. Tun kafin in juya bayansa in ga hatimina na gane aikina. Ni na ɗauka, shekara ashirin da uku da suka wuce, a bikin autar gidansu. Maza biyu ne a ciki. A hagu Kedarnath, yayan marigayin, tsaye ƙyam da kofin shayi. A dama Dinanath yana dariya har da haƙora, abin da mu ɗalibansa ba mu taɓa gani ba. A kan kafaɗarsa ta can gefe kuma, daf da bakin hoton, ga yatsu huɗu sun leƙo ta baya sun dafa shi. Babban wa ya rungumo ƙanensa, hoto mai kyau. Wata huɗu bayan ɗaukarsa mahaifinsu ya rasu, aka ja katanga a tsakar gida, ƙofar da aka bari a jikinta ma aka toshe da bulo kafin shekara. Tun daga nan ko mutuwa ba ta haɗa su zama ba.

"Ka yanke Tauji," in ji Nirbhay, yana nufin baffan nasa.

"Wannan dole ne. Mai rai ba ya shiga ƙarƙashin furanni."

"Hannun ma ka goge shi. Ko farce ba na son gani. Mutumin da bai leƙo asibiti ba, ba zai dafa ubana a bangon gidanmu har abada ba."

Na ce to. A gaskiya ma na ji daɗi, don yatsun nan sun ɓata kafaɗar. Suka fita. Na ɗora hoton a na'ura, na fara ɗinke mayafin Dinanath a kwamfuta, zare bayan zare, inda yatsun suke. Mayafi ne mai ƙananan gidaje, irin wanda in ka kuskure layi ɗaya makaho ma sai ya gani. Minti arba'in na gama. Na buga, ya fito tsaf: fuska a tsakiya, kafaɗu daidai, sarari a sama yatsa uku. Ina cikin yaba kaina sai ga Sulekha ta dawo ita kaɗai, tana waiwaye.

"Chacha, kada ka goge hannun."

"Beti, 'yata, ai na riga na goge."

"To ka mayar."

Ta zauna a kan kujerar da nake ɗora masu hoton fasfo, ta yi magana ƙasa-ƙasa kamar katakon Irshad na da kunne, wanda kuwa yana da shi. Ta ce Tauji ya aiko zai zo ƙarfe huɗu. A gidansu, babban namijin da ya rage a dangin uba shi ke naɗa wa magaji rawani bayan addu'a, kuma shi ne babban. In ya naɗa, zumunci ya dawo, a gaban kowa. In ya juya ya fita, sai dai wani bare ya naɗa, magana kuma ta mutu ke nan.

"Ni jibi zan koma Lucknow wurin aiki," in ji ta. "Nirbhay zai koma Pune. Ma za ta zauna ita kaɗai a gidan nan, da ciwon sukari, da gwiwar da ba ta hawa bene. Bayan katangar akwai mutum tara. Ƙofar nan nake so a buɗe, Chacha. Ba na son komai sai ita."

"To me ya haɗa wannan da yatsu huɗu?"

"Irin hoton nan yana rataye a ɗakin Tauji. Surukarsa ta gaya mini. Shekara ashirin da uku bai sauke shi ba. Yana shigowa abin da zai fara nema ke nan. In ya ga an kankare shi kamar datti, ka san shi."

Na san shi. Duk garin nan an san Kedarnath. Mutum ne da in ya fito ƙofar gida wani ya yi atishawa, sai ya koma ciki ya sha ruwa ya sake fitowa. Ya taɓa fasa tafiya Kanpur saboda kyanwa ta gitta masa.

"Shi ya sa ma ba zai yiwu ba," na ce. "Ki yi tunani. Ya shigo ya ga hannunsa, shi da ransa, ga furannin mamaci a kai, ga turare na tashi. Cewa zai yi kun raka shi maƙonar gawa tun yana numfashi. Ba juyawa kawai zai yi ba, sai ya tsine wa unguwar."

Ba ta yi wannan tunanin ba.

"Kuma in yayanki ya ga yatsun, kafin ma Tauji ya iso ya fasa gilashin."

"To ya za a yi?"

"Ban sani ba."

"Kai ne mai hoto," ta ce, ta miƙe. Daga bakin ƙofa ta ƙara da cewa, "Baba ya ce kai ne ɗalibin da ya fi kowa daƙiƙanci a lissafi, amma layinka ba ya karkacewa."

Haka ta bar ni da yabon da rabinsa zagi ne.

Na buga na biyu, mai hannun. Takardar na fitowa daga inji aka ɗauke wuta. Ƙarfe ɗaya da kwata, fanka ta tsaya, kuma a layinmu in wuta ta tafi da rana sai magariba. Wato abin da ke hannuna shi ke nan, biyu ne, babu na uku. Na shimfiɗa su a kan tebur ina kallo. Ɗaya zai kori tsoho don an goge shi. Ɗaya zai kore shi don an kashe shi, in ma ɗan bai riga shi fasa firam ɗin ba.

"Birju," in ji Irshad ta saman katako, "in ka gama kallonsu ka miƙo mini ɗaya. Ba zan yanka katako a kan zulluminka ba."

"Zo ka gani."

Ya zagayo yana goge hannu a riga. Ya ɗauki mai hannun ya kai bakin ƙofa wurin haske, ya daɗe yana dubawa, fiye da yadda ya saba duba aikina.

"Hannu mai kyau," ya ce.

"Ban tambaye ka kyansa ba."

"Ba ka tambaye ni komai ba. Shekara talatin ba ka taɓa tambayata komai ba sai ƙarfe nawa." Ya ajiye hoton. Ya shiga ɓangarensa ya dawo da farin kwali, irin wanda ake fasa wa taga a ɗora a kan hoto kafin gilashi. Wannan tagarsa ba mai kusurwa huɗu ba ce, mai siffar ƙwai ce, ragowar wani aiki na zamanin da. Ya ɗora a kan hoton.

Na tsani tagar ƙwai. Na sha faɗa a bainar jama'a cewa aikin masu gwangwanin biskit ne. Amma ƙwai ba shi da kusurwa, kuma yatsun a kusurwa suke. Uku suka shige ƙarƙashin kwalin. Na huɗun ya leƙo, ɗan kai kamar ƙwayar shinkafa.

"Saura ɗaya," na ce.

Irshad ya tura kwalin hagu. Yatsan ya ɓace. Fuskar Dinanath kuma ta bar tsakiya, ta koma dama da faɗin yatsa biyu, kamar mai shirin fita daga hoton.

"A'a," na ce. "Wannan ba zai fita daga shagona ba. Ga sunana a ƙasa."

"Sai mu rufe sunan ma."

"Kowa ya san aikina. Gobe a ce Birju ya tsufa, ido ya tafi."

"An daɗe da faɗa. Kai ne ba ka ji ba." Ya ɗaga kai ya dubi agogon bango. "Biyu saura. Yankan firam da busar gam awa ɗaya da rabi. In za ka yi kuka ka yi yanzu."

Na gwada duk dabarar da na sani. Na karkata hoton kaɗan, Dinanath ya zama kamar ya sha wani abu. Na ɗaga tagar sama, haɓarsa ta zauna a kan kwali. Na ce a yanka sabuwar taga ƙarama, Irshad ya ce wuƙar ƙwai ta ɓata tun shekarar ambaliya, in kuma ya yanka da hannu zai fito kamar dankali. Gumi na ɗiga daga hancina, ina kare hoton da gwiwar hannu. Ƙarfe biyu da minti goma na ce ya rufe, na juya baya don kada in gani.

Huɗu saura kwata na sauka daga riksho, keken haya, a ƙofar gidan, firam a ƙirjina naɗe da jarida. An kafa rumfa a tsakar gida, an shimfiɗa fararen zannuwa, mutane sun kai sittin. Katangar na nan a dama, da shacin ƙofar da aka toshe, don bulon wurin bai taɓa yin launi ɗaya da sauran ba. Nirbhay ya tare ni ya yage jaridar.

"Ka goge?"

"Kana ganin hannu?"

Ya duba sosai. "Me ya sa Baba ya koma gefe?"

"Haka yake tsayawa a aji. Ba ya son ya tare allo."

Bai yi dariya ba, amma ya karɓa. Aka ɗora hoton a kan ƙaramin tebur, matar marigayin ta rataya masa sarƙar furanni da hannunta, ta tsaya tana kallon dariyar mijinta har sai da aka zaunar da ita. Sulekha ta dube ni daga cikin mata. Ban san da wace fuska zan ba ta amsa ba, sai na dubi ƙafata. Na so in sulale in tafi, amma wani tsohon ɗan ajinmu ya ja ni ya zaunar a sahun gaba, inda duk mai shigowa zai ga hoton karkatacce sannan ya ga wanda ya karkata shi.

Pandit, malamin da ke jan addu'ar, ya fara karatu. Rawanin na kan faranti kusa da shi, a ninke. Huɗu ta yi. Huɗu da minti goma. Kowa na sauraren karatu, kowa kuma kunnensa na ƙofar waje. Wani yaro ya ja hanci zai yi atishawa, uwarsa ta toshe masa baki da gefen mayafi.

Huɗu da minti ashirin Kedarnath ya shigo. Daga ɗakinsa zuwa inda muke taku goma sha biyu ne in da ƙofar na nan, amma sai da ya zagaya ta titi, da sanda, babban ɗansa na riƙe da gwiwar hannunsa. Ya tsufa fiye da yadda na zata. Bai gaida kowa ba. Ya cire takalmi ya nufi teburin kai tsaye, mutane na janye ƙafafu. Pandit ya rage murya, ya ƙara ragewa, har ya zama leɓe kawai ke motsi.

Tsohon ya tsaya a gaban hoton. Ya ciro tabarau ya sa. Ya sunkuya. Ina ganin idonsa ya wuce fuskar, ya gangara dama, ya tsaya a kan farin kwali.

"Wa ya yi wannan?"

Kawuna sittin suka juyo wurina.

"Birju," ya ce. "Kai ne. Zo nan."

Na tashi. Ƙafata ɗaya ta yi barci, na isa wurinsa ina ɗingishi.

"Na san hoton nan. Ina hannuna?"

Nirbhay ya miƙe daga inda yake zaune. "Tauji, ni na ce a..."

"Ba kai na tambaya ba."

Ina da ƙarya biyu a shirye tun a riksho, duk suka gudu. Na ce, "Yana nan, Babuji."

"Ina?"

"Ƙarƙashin kwalin. Ban yanke ba, ban goge ba. Yana kan kafaɗarsa yadda yake. Furanni kuma ba su hau kansa ba, ba kuma za su hau ba, tun da akwai kwali a tsakani."

"Chacha," in ji Nirbhay, "cewa na yi ka goge."

"Cewa ka yi ba ka son gani. Ba ka gani ba."

Ya yo taku ɗaya wajen teburin. Na ga hannunsa ya nufi firam ɗin, na kuma ga yadda za a yi: ya ɗauka, ya buɗe bayan, tsohon ya juya, sandarsa na ƙwanƙwasa ƙasa har titi. Sulekha ta rufe baki da hannu biyu. Ni kuwa, don a san irin mutumin da nake, abin da ya zo mini a rai shi ne ƙusoshin Irshad ba su gama kama gam ba.

Kedarnath ya riga shi. Ya ɗora babban yatsansa a kan gilashin, daidai wurin, ya danna kamar mai sa hannu a takardar kotu.

"Nan?"

"Ƙasa kaɗan, Babuji. Yawwa, nan."

Ya bar yatsan a wurin.

"Shi ya sa ya matsa gefe," ya ce, ba da ni yake ba. "Ya bar mini wuri." Wurin da aka bari a hagu yake, hannun kuma a dama, amma ban ga ranar da zan gyara masa lissafi ba. Ya ja numfashi. "Ni ban ma tuna ranar da na dafa shi ba. Na yi ta ƙoƙari in tuna. Hoton ne kawai ke gaya mini na taɓa yi."

Ya ɗauke yatsan, ya bar tabo a gilashin da na goge sau uku. Ya juya wurin pandit ya miƙa hannu. Pandit ya ɗora masa rawanin.

Saura Nirbhay. Ba a naɗa wa mutum rawani yana tsaye ƙyam, sai ya zauna ya sunkuyar da kai. Yana tsaye, hannunsa har yanzu a miƙe rabi, kunnuwansa sun yi ja. Tsohon na riƙe da ƙyallen, bai ce zo ba, bai ce zauna ba, irin gidan ke nan. Na ƙirga numfashina har bakwai.

Daga cikin mata uwar ta ce, "Nirbhay." Sunan kawai, ba da ƙarfi ba.

Ya zauna.

Naɗin ya ɗauki lokaci, don yatsun tsohon ba sa biyayya, sau biyu yana warwarewa. Ya fito a karkace. Ban ga laifinsa ba, ni da na kawo karkataccen hoto.

Bayan mako guda Sulekha ta bugo mini waya daga Lucknow ta ce an kira magini, ya cire bulon, surukar Tauji ce ke yi wa Ma allurar safe. Labarin kwalin kuma ya zaga gari. Mutum uku suka zo neman tagar ƙwai. Na ba da labarin a wurin mai shayi sau da yawa, kuma a kowane bayarwa rawar Irshad na raguwa, har ta koma ya miƙo mini kwali. Yana ji ta saman katako, bai taɓa gyara mini ba.

Sai na ga ya dace in yi abin kirki: in buga hoton 'yan'uwan biyu cikakke, babba, in kai kyauta a rataya a saman sabuwar ƙofar. Don ya fito da kyau na ce bari in nemo fim ɗinsa na asali. Ba na zubar da fim. Yana cikin gwangwani na goma sha ɗaya, a ambulan mai sunan bikin. Na fito da shi bakin ƙofa na ɗaga wa rana.

Fim ɗin ya fi hoton faɗi. A gefen dama, inda na datse shekara ashirin da uku da suka wuce don ya ɓata mini daidaito, akwai mutum na uku. Ya miƙa wuya yana leƙen teburin abinci, ya dafa kafaɗar Dinanath don kada ya faɗi. Irshad ne.